Haƙorin Lourinhã

Teku ya janye da asuba,
ya bar ciyawa, da takalmi ƙafa ɗaya,
da wani baƙin dutse mai baki kamar zarto
a gindin gangaren da ya zube jiya.

Custódio ya tofa masa yawu, ya goge da hula.
"Haƙorin kifi ne." Shekara arba'in yana jan koma.
Graciete ta ce ƙahon akuya ne, ya bar musu.
Jikarsu ta ce farcen dodo,
ta cusa shi a safa, ta kwana da shi.

Ran Talata suka kai gidan tarihi.
Wata mai tabarau ta ajiye shi gefen rula,
ta ƙirga tsagarsa da tsinin allura
har kofinta ya huce.
"Haƙori ne, amma ba na kifi ba.
Mai shi ya taka ƙasa tun teku bai iso nan ba.
Sunansa kuwa, ban sani ba tukuna."

Custódio ya fito yana murmushi,
rabin gaskiya tasa ce.
A hanya harshensa ya laluba
gurbin nasa da ya faɗi bara.
Ina ma ya jefar da shi?