Mataci

Kan gadar Oshodi ta fara tari,
'yar motata, wadda ta girmi ɗana na fari.
Na taka totur, ta yi kamar za ta, ta fasa,
ta yi shaƙuwa sau biyu, ta numfasa,
ta mutu da buhun albasa uku a bayanta.
Direban danfo ya leƙo ya zage ni da Yarbanci.
Na gane rabi, rabin na bar masa.

Muka tura ta, ni da wani mai tallan ruwan leda,
har rumfar Morufu, bayan layin dogo.
Bai taɓa injin ba. Ya ce, "Malam Tanimu,
yaushe rabonka da canja filtar mai?"
Na ce, "Au, tana da ita?"
Ya yi dariya har sufana ta suɓuce masa.

Kan batir ya fara cirewa.
Ya kori yaronsa mai sigari can bakin kwata,
ya shimfiɗa tsumma, ya sassauta tiyo a hankali.
Man ya yi tsartuwa, ya huce, ya koma ɗiga.
Sai ga ta a tafin hannunsa,
'yar aba, ba ta kai gwangwanin madara ba.

Ya zazzage ta a murfin bokiti.
Abin da ya fito ba na ce fetur ba:
tsatsar tanki, yashi, ruwa,
da man jarkar da na saya hannun ɗan bumburutu a Mushin
daren da layin gidan mai ya kai ƙofar masallaci.
Ya goge bakinta, ya ce, "Hura."
Na hura.
Kumatuna suka cika, iska ta ƙi wucewa.

"A wanke ta mana," in ji aljihuna da bakina.
"Wannan ba ta wankuwa, Malam. Ta sha nata ta ƙoshi."
Yaro ya ruga Ladipo, Nonso ya aiko da biyu,
mai araha da mai nauyi.
Morufu ya jinjina su kamar mai zaɓen doya,
ya mayar da mai arahar cikin kwalinta.
Ya nuna min kibiya a jikin sabuwar:
"Nan tanki, nan inji.
Ka juya ta, ka ja wa kanka."

Ina zaune kan tsohuwar taya
sai ga Iya a idona, da asuba, tana tace gasara,
ƙyalle a bakin ƙwarya, hannu na murzawa.
Mu dai mu sha koko sumul mu lashe ludayi.
Ba wanda ya taɓa leƙa
abin da ya rage a ƙyallen.

Ko jiya da ta kira daga Malumfashi
cewa na yi Ikko lafiya lau, kasuwa sai godiya.
Ban faɗi albasar da ta ruɓe a Mil Sha Biyu ba,
ko mai gida da ya ƙara haya,
ko ƙirjin nan da ke tashina cikin dare.
Shekara goma sha ɗaya ina tace mata garin nan.
Ni wa zai hura
ya ji ko iska na wucewa?

Morufu ya ɗaure tiyo, ya mayar da kan batir,
ya murɗa makulli sau uku bai tayar ba,
wai a bar mai ya gane hanyarsa.
A na huɗu ta ɗauka,
murya tas, kamar ba ita ta kunyata ni ɗazu ba.
Ya sunkuya ya duba ko tana yoyo,
ya rubuta kwanan wata da alli cikin bonet.

Tsohuwar ya ɗaga zai wurga kwata.
Na ce, "Ba ni."
Na ƙulle ta a leda, na ajiye kusa da giya.

A cunkoson Agege na danna waya.
"Iya, yau mota ta mace min kan gada."
Ta yi shiru kaɗan, ta ce,
"To. Sai kuma me? Tun jiya na ji muryarka da tsaki-tsaki."