Ƙarfe Uku a Punta Arenas

A garinmu iska ba ta sallama.
Daga teku take tasowa, ta kama turakun lantarki da kokawa,
ka farka ka tarar da agogo yana ƙifta ido,
sha biyu, sha biyu, sha biyu,
kamar wanda aka tambayi sunansa ya manta.

Shekara talatin da ɗaya
babana Eliodoro bai san ƙarar agogo ba.
Gwiwar hannun mamata ce ke tashinsa
ƙarfe uku na dare,
ya je ya sami ƙullin burodi ya kumbura yana jira.
Tun da muka kai ta makwanci cikin sanyin Yuli
sau biyu masunta suna zuwa ƙofar shago
su koma jirgi hannu rabbana.

Na kifa sabon agogon a kan teburin girki,
na ɓalle murfin da farce.
Ɗan batiri ne mai kusurwa huɗu, maɓalli biyu a ka.
Na danna masa waya, ta ce ƙas,
na kwantar da shi a raminsa.
Na ja gado don in laluba soket,
sai ga tsinken gashinta a ƙasa.
Na sa a aljihu, ban ce uffan ba.

Baba ya ce, "Maite, in da wuta, shi me zai yi?"
Na ce, "Zama."
"In an ɗauke fa?"
"Fuskar za ta yi duhu, ko lamba ɗaya ba za ka gani ba,
amma yana nan ciki yana ƙirga."

Bai yarda ba, sai na zare waya.
Jajayen lambobin suka mutu.
Muka zauna shiru har tukunyar shayi ta tafasa.
Da na mayar, tara da minti sha huɗu,
daidai da na hannunsa.

Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Haka take yi.
Ido a rufe, amma lokaci bai taɓa wuce ta ba."

Na rubuta kwanan wata a takarda na manna a ƙasan agogon,
baɗi war haka a canza.

Daren nan iska ta yi ta dukan kwano,
fitilar titi ta mutu, ta dawo.
Ƙarfe uku na jiyo ƙarar ta bango,
sannan muryarsa, ƙasa-ƙasa:
"Na ji, Ximena. Na tashi."