Shafi na Arba'in da Bakwai

A titin Rekto, nan Manila, bayan ruwa ya ɗauke,
Mang Prudensio na shanya tsofaffin mujallu
bisa kwali, kamar mai shanya kifi.
Na ce ina neman Galaw,
fitowar Agusta, shekarar da dutse ya yi aman toka.
Ya dube ni ta saman tabarau:
"Wa ke neman mujallar masu zanen katun yanzu?
Ko gara ta ƙoshi da ita."

Amma ya durƙusa. Gwiwarsa ta yi ƙara.

Uwata, Luningning Makaraeg,
shekara goma sha tara ta yi gaban tebur mai fitila a ciki.
Aikinta tsakani.
Wani a ƙetaren teku ya zana kare ya ɗaga ƙafa,
ya zana kare ya sauke ƙafa,
ita ke cike abin da ke tsakanin ɗagawa da saukewa.
Zane goma sha biyu, daƙiƙa ɗaya.
Abin da kake ƙifta ido ya wuce
shi ya cinye mata yini.

Safiyar Asabar, yaran wata ƙasa
na dariya, madara na bin haɓarsu,
sunaye na gudu a ƙarshen fim,
babu nata.
Kura da shan bugu, in ji masu iya magana.
Sauran kun sani.

Sai ran nan wata 'yar jarida ta hawo bene,
kyamara a wuya, takalmi jiƙe sharkaf,
ta tambayi mata arba'in: ina ke ciwo?
Suka ce wuya. Suka ce ido.
Uwata ta ce babu,
karen nan ne dai ba ya gajiya da gudu.

Aka buga, shafi na arba'in da bakwai,
ƙarƙashin tallar fenti.
Hoton bai kai tafin hannu ba,
kuma sun haɗiye harafi guda daga sunanta.
Ta yi kwana uku tana fushi,
ta yi shekara ashirin tana nuna wa baƙi.

Ambaliya ce ta tafi da tamu,
tare da tukunyar shinkafa da takardar haihuwata.
Ba ta yi kukan tukunya ba.

Mang Prudensio ya miƙe da ita a hannu.
Bango ya tafi, gefuna sun yi kalar shayi,
warin danshi na tashi.
Na buɗe: kamfanin da ya haɗiye kamfani,
wanda ya ci kyauta, wanda aka sallama,
da jita-jitar wata na'ura
wadda, wai, za ta koyi aikin tsakani.
Edita ya yi mata dariya a layi biyu.

Ga ta nan.
Ta uku daga hagu, fensir a bayan kunne,
ta ƙi ɗaga kai daga ƙafar kare.
A ko'ina ta girme ni,
a wannan shafi na girme ta da shekara tara.

Na manta da ɗan tsuntsun
da suke zanawa a kusurwar kowane shafi.
Na sa babban yatsa, na saki takardu suka gudu:
ya tsuguna, ya buɗe fiffike,
sai kawai ga shi a sama.
An yage shafi shida a tsakiya.
Da ta gani, tsaki za ta yi,
ta ce a ba ta fensir.

Peso tamanin, in ji shi. Ban taya ba.
A cikin jifni na cusa ta a riga, don ruwa ya dawo.
Tana gida, idonta ya yi hazo,
hannun da ya koya wa kare gudu ba ya riƙe cokali.
Zan zauna kusa da kunnenta mai ji
in karanta sunan yadda suka rubuta shi,
da kuskuren,
don ta sake yin fushi.