Wutar da Ba Ta Fito Ba

Baba ya tara kirare a gindin Kufena,
ya ɗora tsohuwar taya, ya ƙyasta ashana.
Dutse ba ya jin guduma da safe, in ji shi,
sai an gasa masa baya kamar mai sanyin ƙashi.
Ni ina tsugune, littafin Samaru a cinya,
bakina cike da abin da aka koya mana jiya.

Na ce, Baba, wannan da kake gasawa ɗan wuta ne.
Da can ruwa-ruwa yake,
kamar talgen Inna in ya fara tsartuwa,
a wani zurfi da mai haƙar rijiya bai taɓa mafarkinsa ba.
Ya yunƙuro, ya lalubi ƙofa, bai samu ba.
Sai ya zauna a duhu,
ya huce sannu, sannu,
shekarun da ba a ƙirga su da carbi.
Jinkirin nan ne ya girmar da ƙwayoyinsa:
duba, ga fari kamar gishiri,
ga mai launin jar kanwa,
ga baƙi mai walƙiya kamar kwalli a bakin tandu.

Ɗan'uwansa kuwa ya samu ƙofa.
Ya yi amai a sarari, ya malala
kamar kunu ya kuɓuce daga ƙwarya,
iska ta mare shi, ya daskare a tsaye,
baƙi ƙirin, ba ƙwayar da ido zai kama,
wani duk ƙofofi kamar cikin waina.
Irinsa na can wajen Biyu da Panyam,
tuddai masu rami a ka.

Baba bai ɗago ba. Ya gyara itace da ƙafa.
Ya ce, wannan farar jijiyar fa, Ladidi,
da ke cinye mini bakin ƙarfe?
Na ce, 'yar auta ce.
Bayan babba ya sandare ya tsage,
ta biyo tsagar da sauran zafinta, ta kwanta.
Ya ce, to wa ya haƙo shi?
Na ce, damina. Damina bayan damina
ta yi ta kwashe ƙasar da ke kansa,
har ya wayi gari tsirara a gaban Zazzau,
yana saɓa kamar albasa.

Tas! Bayan dutsen ya buɗe.
Ya watsa ruwa, tururi ya rufe mu.

A cikin tururin na tuna ranar da Na'iya ɗan kwangila
ya ɗebi tifa uku ya biya kuɗin biyu.
Kawu Ɗanlami ya yi ta kumfa har la'asar,
da magariba suna cin gyaɗa tare.
Baba bai ce uffan ba.
Ya dawo, ya yi alwala,
ya zauna a zaure shekara goma sha ɗaya.

Yanzu ya ɗauko ɓallin da ya fi ƙyalli,
ya jujjuya shi, ya sa mini a tafi.
Da ɗuminsa.
Ya ce, kai wa malaminku.
Ki ce masa in yana son da yawa,
tifa ta ƙara kuɗi.