Ganyen Zaƙi a Aboabo

Shekara talatin Mma tana zuba sukari
a kokon mutane, bakin titin Aboabo,
cokali biyu ga direban trotro,
uku ga yaron da ya iya gaisuwa.
Ran da likita ya duba takardarta
ya ce ko lasa kada ta ƙara,
ta dawo gida ta zauna kan turmi,
ta sha nata kokon tsura. Ba ta ce uffan ba.

Mame Afrakoma, mai tumatir a Kejetiya,
ita ta miƙo min reshe uku cikin jiƙaƙƙen tsumma.
Ta ce sunansa sitibiya.
"Kar ki sayi irin, 'yata, maƙaryaci ne,
ki shuka ɗari, biyar su leƙo.
Reshe ke cika alkawari."
Na riga na saya. Ban faɗa mata ba.

Na huda gindin gwangwanin madara da ƙusa,
yashi rabi, baƙar ƙasa rabi.
Na yanka ƙasan gaɓa da rezar Gariba,
na tsige ganyen ƙasa, na bar huɗu a kai,
na kifa musu gorar ruwa mai yankakken gindi
can bayan randa, inda rana ba ta faɗa.

Na fari ya ruɓe. Laifina ne,
na yi ta ɗura masa ruwa safe da yamma
har ƙafarsa ta yi baƙi.
Na biyu, akuyar Tanko ta san labarinsa.
Na uku ya yi shiru kwana goma sha shida,
bai mutu ba, bai ce yana nan ba.
Ran Laraba na ɗan ja shi da yatsa biyu,
sai ya ja ni.

Da ya kai taƙi, Mame ta ce tsinke masa kai.
Hannuna ya yi nauyi, na rufe ido na tsinke.
Inda na cire ɗaya, biyu suka fito.
Furen ma, ƙanana farare, ban bar su ba,
in suka buɗe, ganye ya fara rowar zaƙi.

Ruwan Yuni na Kumasi ba ya sallama.
Sau nawa na fita tsakar dare da zani a ka,
ina jan gwangwani zuwa ƙarƙashin kwano,
maƙwabta na cewa Zinatu ta samu jariri.

Na shanya ganyen a faifai, cikin inuwa,
kwana huɗu, na murza shi a tafi.
Ɗan abin da farce ya ɗauka
na barbaɗa a kokon Mma.

Ta kurɓa. Ta dubi bango.
Ta sake kurɓa.
Ta ce, "Zaƙin ya iso,
amma akwai ɗan ɗaci na biye da shi a baya,
kamar ɗan rakiya."
Na ce to a bari?
Ta ce, "Wa ya ce a bari?"

Yanzu gwangwani goma sha ɗaya ne a kan katanga,
duk jikokin na ukun nan.
Mata na shigowa da jiƙaƙƙen tsumma,
Mma na kan turmi tana ba da umarni:
"Ƙasan gaɓa! Kar ki cika ruwa!
Ki kula da akuyar Tanko!"
Ka ce ita ta fara kawo shi garin.

Irin da na saya yana nan cikin takarda.
Gariba har yau yana neman rezarsa.