Kamu Uku

Tabawa ta zo hutu daga Zariya,
ta iske ni ina ɗinkin guga a gindin ɗorawa.
Ta miƙo waya: Baba, dubi aikin 'yan sana'arku.
Na ga duhu, na ga sassaƙen dutse,
ruwa iya gwiwa, hanya daidai kafaɗar mutum ɗaya.

A Ƙudus ne, in ji ta, tun zamanin annabawa.
Yaƙi na tafe, idon ruwa na bayan ganuwa,
sarki ya ce kada maƙiyi ya zo ya sha,
a jawo ruwan ta ƙarƙashin gari.
Aka kasa maza biyu,
waɗannan daga ido, waɗancan daga tafki,
kowa ya kafa diga, ba mai ganin wani.

Na ajiye basilla.
Ni Jatau, shekara arba'in ina shiga cikin ƙasa,
rijiya sittin da ɗaya daga Birnin Kudu zuwa Gwaram,
amma ni ƙasa nake nufa sak,
in na ɗaga kai ga sama nan kamar faifai.
Su fa, me suke dubawa?

Ta ce ai ba miƙe take ba,
ta karkace kamar sawun maciji a rairayi.
Sun ɓata, sun ja baya, sun sake sara,
masana har yau suna gardamar yadda aka yi.
Dogara mai gyaran keke ya tsoma baki,
ya ce a majami'arsu ana karanta zancen,
sai dai gajere ne, sarki aka ambata,
ba a ce komai kan masu kanta a hannu ba.

Tabawa ta yi dariya.
Ta ce wani yaro ya shiga ruwan, ya hango rubutu a bango,
babu sunan sarki ko ɗaya a ciki.
Labarin masu diga ne:
saura kamu uku suka ji muryar juna,
ƙarfe ya doki ƙarfe,
ruwa ya bi ta tsakanin ƙafafunsu.

Ban ci tuwo sosai ba daren nan.

Nomau ƙanena ne.
Shekara ashirin igiyata tana hannunsa,
ko ranar da yashi ya rufta mini a Kiyako
shi ya tono ni da farcensa.
Tsamiya ɗaya a kan iyakar gona,
maganar da ba ta kai kwandon tsamiya ba,
ita ta ci mana damina goma sha ɗaya.
Ya gina katanga, na yi mata yaɓe.

Na tashi cikin duhu na auna ta,
daga gwiwar hannu zuwa yatsa.
Ko kamu ɗaya ba ta cika ba.
Jar ƙasa ce, ba dutse ba.
Kullum ina jin tarinsa ta ciki,
na san dare nawa bai yi barci ba bana.

Tsohuwar digata tana bayan rumbu, ta yi tsatsa.
Na ɗauko ta, na juya ƙota,
na buga sau uku a jikin katanga,
yadda nake yi a ƙasan rijiya
in ina so a jawo ni.

Akuya ta motsa a turke.
Tarin ya tsaya.
Na manna kunne, ƙasar da sanyi,
ina riƙe da numfashi,
ina ƙirga.