Gaisuwa Ta Biyu

Hashimu, yau kwana arba'in.
Mai shayin Kwangila har yanzu kofi biyu yake ajiyewa,
sai ya tuna, ya janye ɗaya a hankali
kamar mai zare ƙwai a ƙarƙashin kaza.

Ni ma ban goge lambarka ba.
Jiya da ruwa ya tsare ni a PZ
hannuna ya kai aljihu da kansa,
wai in ce ka kwashe rediyoyin mutane daga bakin ƙofa.

Shekara goma sha ɗaya shagona na jingine da naka,
langa-langa ɗaya ce tsakani,
ina jin tarinka, kana jin kukan kekena.
Na san ba ka cin kuɓewa,
na san fiton da kake yi in matacciyar rediyo ta yi magana.
Abin da ke cin ka kuwa, ban sani ba.

Ko na sani?
Tambayar da ke raba ni da barci ke nan.

Ni ne telan da ya rage maka ƙugun wando sau biyu.
Na karɓi ɗari biyu, na yi maka tsiya,
na ce rowa ce ke ramar da kai.
Ka yi dariya, ka ce lafiya lau.
Lafiya lau da hantsi, lafiya lau da la'asar,
lafiya lau ranar da ka sayar da mashin,
lafiya lau ranar da aka garƙame ɗakinka na Tudun Jukun
ka yi sati uku kana kwana cikin tarkacen wayoyi,
ni ina bayan bango ina ɗinkin anko.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Kullum ina kallon taka. Ban tambaya ba.

A Shika likita ya yi dogon bayani,
jini ya hau, zuciya ta gaji.
Ajali ne, na yarda, ba na ja da Mai Sama.
Sai dai da muka saɓa ka a kafaɗa
makararka ba nauyi, Hashimu.
Nauyin ka riga ka ɗauke shi kai kaɗai.

Ran Asabar yaronka Sallau ya buɗe shagon.
Na same shi riƙe da ƙarfen dalma, bai ko jona ba.
Na ce, Sallau, yaya?
Ya ce, lafiya lau.
Gabana ya faɗi.

Na bar kaftanin ango a bakin allura, ango ya jira.
Na jawo benci.
Na ce, na ji ta baki, saura ta ciki.
Shiru.
Ƙaramin jirgin 'yan koyo ya ratsa ta saman Palladan,
ya dawo, ya sake ratsawa.
Sai a zagaye na uku bakinsa ya buɗe:
uwa a kwance a Giwa, kuɗin jarrabawa,
da wata 'yar kwalba da yake sha da dare
don kansa ya yi shiru.

Ba ni da maganin ko ɗaya.
Na dai zauna har aka kira magariba,
muka ci ɗanwake a kwano guda.
Jibi zan raka shi asibiti.
In ya ƙi, gata ma rana ce.

Ni ba malami ba, ni ba likita ba,
abin da na iya shi ne ɓaraka:
in an kama ta tana ƙarama, zare kaɗan take ci.

Yanzu sau biyu nake gaisuwa.
Ta farko ta al'ada ce,
ta biyu taka ce, kuma ina tsayawa in ji amsa.
Na sa an yanke min taga a jikin langa-langar nan,
ba ta fi tafin hannu biyu ba.

Allah Ya ji ƙanka, maƙwabcina.
Ya sa can inda kake, in an tambaye ka,
lafiya lau ɗin ta zama gaskiya.